Inda Ƙwai Ke Kwana

Zuwa ga Tsinke,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kina lafiya. Ni lafiya lau, in ban da gwiwar hagu da kunnen nan. Kunnen ne ya sa na ɗauki biro. Uwarki ta kira ni a waya ta yi ta magana, ni kuwa ina jin kamar ƙuda a cikin kwalba, sai da ta tako da ƙafarta ta zauna ta gefen kunnena na dama sannan na gane zancen. Rubutun nan nawa ne, wata tara na yi a ajin manya. In kin ga harafi ya karkace, ki miƙe shi da kanki.

In kin manta ni, ni ce matar ƙanen kakanki, marigayi mai gyaran agogo. Kin yi hutu biyu a gidana kina ƙarama, kika yi ta bin kajina da gudu har ɗaya ta daina ƙwai sati guda. Ni ban manta ba.

Uwarki ta ce karatu mai zurfi kika tafi, kuma wai aikin naki fasa ƙwai ne. Ta ce kin kira ta kina kuka, wai ƙwai ya ƙi. Tana ba ni labari ita ma ta fara. Ku gidanku kuka ba ya muku wuya. Na ce ta share hanci ta gaya min me ƙwan ya ƙi yi, ta ce ba ta gane ba, Turanci ya yi yawa.

Shekara hamsin da ɗoriya ina kiwon kaji. Ki rubuto min abin da kike yi da ƙwan, yadda za ki gaya wa mutum mai hankali wanda bai yi makaranta ba. Ki ba direban nan da ke kai kaya garinku duk sati, mai tabo a goshi, shi zai kawo miki wannan. Kar ki kira waya, asarar bakinki za ki yi.

Ni ce,
Iya

*

Zuwa ga Iya,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa ina dariya ni kaɗai. Ya gwiwa? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya, sai sanyin garin nan. Kazar da na kora kuwa, ki yafe min.

Ga aikin. In kika fasa ƙwan da zakara ya taka, akwai ɗan farin tabo a saman gwaiduwa, kin san shi. To wannan tabon shi ne ɗan tsakon. Ba kai, ba ƙafa, faifai ne kawai shimfiɗe, amma in an duba da madubin likita ƙwayoyi ne masu rai, dubbai, jere kamar tabarma. Da ya ji ɗumi sai su fara tafiya. Na dama su zagayo, na hagu su zagayo, su haɗu a tsakiya ta baya, su ja layi ɗaya. Ta wannan layin suke nutsewa ciki, daga nan ake samun nama da ƙashi da hanji da komai.

Abin da nake nazari shi ne, in aka raba faifan biyu kafin layin ya fito, kowane rabi yana iya gyara kansa ya ja nasa layin. Ƙwai ɗaya, 'ya'ya biyu. Nakan ɗauke faifan daga kan gwaiduwa, in shimfiɗa shi a ɗan faranti da farin ƙwai, in yanka da allura siririya, in sa a injin ɗumi, washegari in duba. Ba sa ƙyanƙyashewa, kwana biyu kawai muke kallonsu.

Masana sun daɗe da yin wannan. Ni ce na kasa. Na yanka ya fi ɗari uku. Rabin baya yana ja layinsa, rabin gaba sai ya baje ya mutu. Farfesa, matar da nake ƙarƙashinta, ta ce in ban nuna mata rabi biyu sun tashi ba nan da sati takwas, ba za ta sa hannu in ci gaba ba. Sai in tattara in dawo gida. Ba mugunta ba ce, haka dokar take. Na canza allura, na canza ruwan, na canza injin. Ina jin hannuna ne kawai ba shi da sa'a.

Jikarki,
Tsinke

*

Tsinke,

Gaisuwa. Gwiwa tana nan yadda take. Baƙar kazata ta yi kwanci a kan goma sha ɗaya.

Na karanta takardarki sau uku. Farin tabon na san shi tun kafin a haifi ubanki, amma ban taɓa sanin tafiya ake yi a cikinsa ba. Da wani ne ya faɗa min da na ce ya sha wani abu. Maganar 'ya'ya biyu daga ƙwai ɗaya kuma, ban ce ƙarya ba ne, ban kuma ce na yarda ba. Sai na gani.

Batun sa'ar hannu ki bar shi. Kakanki ma haka yake cewa duk abin da ya ɓata.

Kin ce kin canza allura, kin canza ruwa, kin canza inji. Ban ji kin ce komai a kan ƙwan ba. Daga ina yake zuwa? Wa ke kawo shi? In an sauke, a ina yake kwana kafin ya zo hannunki?

Ga dalilin tambayata. Shekarar da mai burodi ya gina tandarsa a bayan gidana, bangon ɗakin ajiyata ya zama bangonsa. A nan kantar da nake tara ƙwai take, kafin in zuba wa mai kwanci. Shekara da shekaru nan nake tarawa ba matsala. Wannan shekarar sai abu ya lalace. In zuba sha biyu, huɗu su fito, sauran baragurbi. Waɗanda suka fito ma ba rana ɗaya ba, wani ya riga wani da kwana guda, wasu da ƙafa a karkace. Na zargi zakara na yanka shi, Allah ya yafe min, ba ruwansa. Sai wata rana na jingina da bangon ina ɗaura zani, na ji ɗumi a bayana. Ba zafi ba, ɗumi kawai, irin na wurin da mutum ya tashi. Na kwashe ƙwan na mayar gindin randa, shi ke nan aka daina.

Ƙwai ba ya jiran kaza ta hau. In ya ji ɗumi ko na wane ne, farawa yake, kuma farawar banza. Ke kin ce yankan naki sai kafin abin ya fara. To wa ya gaya miki bai fara ba?

Ki bincika ki gaya min.

Iya

*

Iya,

Ina gaisuwa, ina fata kina lafiya. A gurguje nake, direba yana jira.

Ƙwan daga gona mai kyau yake, wadda duk makarantar ke saye. Mai kula da sito yana karɓa ya sa a ɗakin sanyi, akwai ma'aunin zafi a bango, ina dubawa kullum. Mu bakwai ke ɗiba daga kwali ɗaya, ba wanda ya yi ƙorafi. Kuma ina duba kowane faifai kafin in yanka, babu layi.

Iya, na gode da labarin mai burodi, amma nan ba akurki ba ne. Komai a aune yake. Wannan satin na yanka arba'in, ko ɗaya. Saura sati shida.

Tsinke

*

Zuwa ga Iyata,

Assalamu alaikum. Sati uku ke nan ba takardarki. Satin farko direba ya ce ba ki ba shi komai ba, na biyu ma haka, na uku shi kansa ban gan shi ba, wani ne ya kawo kayan, shi zan ba wannan. Na kira Mama, ta ce ta aika an duba ki, kina nan kina harkokinki. To ke nan lafiyarki ƙalau, fushi kike.

Na san layin da ya ɓata miki rai. Na rubuta shi ne na fito daga ɗakin bincike ido ya yi ja, ban ko sake karantawa ba. Ki yi haƙuri. Ke kaɗai ce a dangi kika tambaye ni me nake yi, kika kuma saurara, ni kuma na mayar miki da rashin kunya.

Saura sati uku. Jiya Farfesa ta tsaya a bayana tana kallon hannuna tun daga fasawa har yanka. Ta ce, "Ban ga kuskure ba." Da ta ga kuskure da ya fi min sauƙi. Na fara ba da littattafaina, na kuma gaya wa mai gidan da nake haya kar ya lissafa da ni wata mai zuwa. Ba na ma kuka yanzu, na gaji.

Ko layi ɗaya ne ki rubuto, ko zagi ne.

Jikarki,
Tsinke

*

Ke Tsinke,

Sallama. Lafiyata lau. Baƙar kaza ta fito da tara.

Satin farko fushi ne, ba zan ɓoye miki ba. Na ninke takardarki na sa a ƙarƙashin ƙafar tebur inda yake rawa, ta yi daidai kuwa. Na ce yarinyar da na wanke wa kashin kaza a ƙafa ita ce yau take gaya min akurki. Satin biyu aiki nake. Na uku motar mai tabo ce ta lalace, ni kuma ban yarda in ba wanda ban sani ba wannan takardar. Saboda haka kashi ɗaya cikin uku ne fushi, kar ki ɗauki kanki da girma.

Da fushin ya sauka sai na ce, yarinyar nan ta ce komai nasu a aune yake, ni kuma labari na ba ta. To bari in auna.

Na tara ƙwai goma sha biyu, na kwana biyu, duk zakara ɗaya. Na yi wa shida alama da gawayi na ɗora su a tsohuwar kantar nan ta bangon mai burodi. Shida na sa a gindin randa. Tun la'asar har hantsin washegari. Sannan na buɗe akwatin marigayi na ɗauko gilashin nan da yake maƙalawa a ido in zai duba cikin agogo. Shekara tara ban taɓa akwatin ba. Gilashin ya ƙi zama a idona, fatar ta saki, sai da na ɗaure shi da kallabi. Matar mai burodi ta leƙo aron tsintsiya ta gan ni a tsakar gida, ido ɗaya a ɗaure, ina leƙen faranti. Ta ce, "Iya, lafiya?" Na ce, "Karatu nake, tsintsiya na bayan ƙofa."

Na fasa su ɗaya-ɗaya a faranti, a hankali, tabon yana sama. Na ɗora kan ashana kusa da kowanne. Na gindin randa, tabon bai wuce kan ashana ba, dukansu shida kamar an auna. Na bango, huɗu sun fi kan ashana faɗi sosai, sun yi zobe a gefe da haske a tsakiya kamar idon kifi. Biyu sun ɗan fi kaɗan. Layin da kike faɗa ban gan shi ba, ko a ɗaya. Na duba har idona ya yi ruwa, ban gani ba, ba kuwa zan ce na gani ba. To kin ji. Babu layi, amma ya motsa. Rashin layi ba shi ke nuna bai fara ba.

Na ce kar ya zama dace ne, na sake da wasu sha biyun, na musanya kajin. Haka ya fito. Na zana miki su a bayan takardar nan daidai girmansu, na sama randa, na ƙasa bango. Ki ɗora naki kusa ki ga wanne ya yi kama da shi. Ƙwai ashirin da huɗu na fasa saboda ke. Na ci, maƙwabta sun ci, yanzu ko warinsa ba na so.

Kin ce ku bakwai ke ɗiba ba wanda ya yi ƙorafi. Su ma a ranar farko suke yanka kamar ke? In ɗan kwana uku suke nema, me ya dame su da rabin yini? Ke kaɗai ce abin zai ci.

Kin ce kina duba ma'auni a ɗakin sanyi. Ban tambaye ki ɗakin sanyi ba. Cewa na yi daga mota zuwa hannunki. Ranar da za a kawo ƙwan ki ajiye allura, ki sa takalmi, ki je ki tsaya inda motar take tsayawa. Kar ki tambayi kowa, kowa zai ce miki daidai yake yi, kuma har ransa yake faɗa. Ki bi kwalin da idonki duk inda aka kai shi. Inda aka ajiye ki sa tafin hannu.

Littattafan da kika bayar ki karɓo. Mai gidan haya kuma ki koma ki ce masa baki ne ya suɓuce.

Iya

*

Iya! Iyata!

Gaisuwa mai yawa, lafiyata ƙalau, ban san ta ina zan fara ba. Ki zauna tukuna saboda gwiwa.

Da na juya takardarki na ga zanen, nan take na gane. Nawa duk irin na ƙasa ne. Tun da na zo irinsu nake gani, ban taɓa ganin wani ba, na ɗauka haka ƙwan gonar yake. Maganar sauran ɗalibai kuma kin canka, duk 'yan kwana uku da huɗu suke aiki da su.

Ranar Litinin na je bakin babbar ƙofa na tsaya. Ni a zatona da safe ake kawo ƙwai, don da safe nake ganinsa a sito. Ashe motar gona sai bayan la'asar take isowa, lokacin mai sito ya rufe ya tafi. Direban ya sauke kwali biyu a ɗakin mai gadi ya wuce. Mai gadin wani dattijo ne, Baba muke ce masa, kullum sai ya tambaye ni ya karatu. Ina tsaye ina kallo ta taga ya ɗauki kwalayen kamar jarirai, ya kai su lungu kusa da abin ɗumama ɗakinsa, ya ciro bargonsa na kansa ya lulluɓe su, har yana cusa gefe-gefe.

Na shiga na ce, "Baba, me kake yi haka?"

Ya ce, "'Yata, ai an ce min ba na ci ba ne, masu rai ne. Da sanyin nan in bar su a siminti? Mu ma mun yi kiwo a gida. Ni na saba, na iya kwana da riga."

Iya, shekara biyu mutumin nan yana kwana ba bargo duk Litinin saboda ƙwanmu. Na sa hannu ƙarƙashin bargon kamar yadda kika ce, ɗumi kamar hammata. Na rasa dariya zan yi ko kuka. Na ce masa waɗannan barci ake so su yi sai mun tashe su, sanyi ne gatansu. Ya ce, "To na cuce ki ke nan?" Na ce bai cuce ni ba. Ya ce, "Kar ki rufa min, na ga yadda kika rame." Da kansa ya ɗauki kwali ɗaya ya raka ni har ƙofar ɗakin sanyi. An riga an rufe, muka ajiye a baranda inda iska ke kaɗawa, ya ce zai sa ido.

Da safe na fasa na farko. Ƙarami, tsaf, irin zanenki na sama. Na yanka ashirin. Washegari na zo, na kai minti goma a tsaye gaban injin na kasa buɗewa. Farantin farko, rabin baya da layinsa, rabin gaba ba komai. Na biyu haka. Na uku na duba, na ɗago, na goge idona, na sake dubawa. Layi biyu, Iya. Kowane rabi da nasa. Cikin ashirin, goma sha uku!

Na ruga ofishin Farfesa ko ƙwanƙwasawa ban yi ba. Ta zo ta zauna ta duba su ɗaya bayan ɗaya har ta gama. Sannan ta ce, "Me kika canza?" Na ce inda ƙwai ke kwana. Ta ce, "Wa ya ce ki duba nan?" Na miƙa mata takardarki, na fassara mata. Ta daɗe tana kallon zanen. Ta ce, "Har sau biyu ta yi? Ta kuma musanya kajin?" Na ce e. Ta ce, "Kuma ta rubuta cewa ba ta ga layi ba." Na ce e. Ta juya ta kalli sauran ɗaliban da suka taru a bakin ƙofa ta ce, "Kun ji yadda ake aiki." Ni kuma ta ce min, "Sau ɗaya ba hujja ba ce. Ki sake."

Na sake wannan satin. Sha biyar cikin ashirin. Na bar wasu suka kwana biyu, a faranti ɗaya har na ga zuciya biyu suna bugawa, kowace da nata lokacin. Jiya ta sa hannu, saura kwana biyu wa'adin ya cika. Shekara uku aka ba ni.

Na sa injin ɗaukar hoto ya ɗauki faifai ɗaya tun daga yanka har safe, aka haɗa ya zama minti ɗaya. Na tura a wayar direba mai tabo. Kar ki bar shi ya tafi sai ya nuna miki. Ba ya buƙatar kunne.

Jikarki mai akurki,
Tsinke

*

Tsinke,

Sallama. Ina lafiya. Gwiwar ta kumbura, amma ni na ja, za ki ji dalili.

Mai tabo ya kawo takarda, ya ce yana sauri. Na ce ya sauko. Ya ce Iya kaya na jira. Na ce kayan ƙafa gare su? Ya sauko. Muka zauna a dakalin ƙofar gida, ya kare wayar da hularsa saboda rana.

Farkon ban gane komai ba, toka-toka kawai, kamar ƙasan tukunya. Na ce ya sake. A na biyu na ga motsin. Tsinke, tafiya suke yi. Kin faɗa, na karanta, amma ban san haka ba ne. Kamar in kika sa hannu biyu a baho kika juya ruwa, wannan ya yi nan wancan ya yi can, su zo su haɗu. Rabin baya bai yi wata-wata ba, ya san hanyarsa. Na gaban ne na ƙura wa ido. Ya daɗe yana dabur-dabur, ya matsa nan ya fasa, ya matsa can. Har na ce wannan ya tafi. Sai kawai na ga sun tattaru a gefe guda, ba mai kira ba mai kora, layi ya fito. Na ce, "Kai!" da ƙarfi har direba ya kusa yar da waya.

Sau shida na sa ya maimaita. Mai burodi ya fito da gari a hannu ya leƙa, matarsa ta zo, tela na kusa da mu ya bar keke ya zo. Tela ya ce wannan haɗin waya ne. Na ce masa jikata ce ta yanka da hannunta, in yana da magana ya kawo tasa allurar mu gani. Mai burodi ya tambaya me ake kallo. Na ce bangonka ne ya je makaranta. Bai gane ba, ban kuma yi masa bayani ba.

Shekara hamsin ina ɗaukar abin nan a hannuna da ɗuminsa, ina soyawa, ina sayarwa. Ban san ana wannan hidima a ciki ba. Yanzu na yarda, na gani.

Dattijon nan mai gadi, kar ki bari a yi masa faɗa. In Farfesarku za ta yi magana, ta yi da wanda ya tsara mota ta zo bayan an rufe sito. Shi abin da ya sani ya yi, kuma ya sani rabi, ya fi waɗanda ke wucewa ta gabansa da takardu ba su taɓa tambayarsa komai ba. Na ba direba 'yar tsako ɗaya cikin na baƙar kaza, ja, a kwando. Tasa ce. Ki ce masa wannan ya lulluɓe ta yadda ya ga dama.

Da direba ya tafi na sa mayafi na tafi gidanku da ƙafa, shi ne gwiwar. Na tarar uwarki ta fitar da buhunan da ke ɗakinki ta share, har ta ɗaura labule, wai kar ki dawo ki ji ba daɗi. Na ce ta mayar da buhunanta, ba mai zuwa. Ta zaro ido ta ce me ya faru. Na ce 'yarki ce ta yi nasara. Ta fashe da kuka. Na bar ta a nan, na shiga gidan ƙanen ubanki, wanda ya ce karatun fasa ƙwai ba karatu ba ne. Ban zauna ba, a tsaye na gaya masa, na kuma gaya masa sau biyu don ni ce kurma amma shi ne ba ya ji.

Ki gaida Farfesa. Ki ce na gode da yabo, amma ta daina ba yara wa'adi kafin ta leƙa ɗakin mai gadi.

Yanzu ga abin da ya tsaya min. Rabin gaban nan, da ba a yanka ba, ba zai ja nasa layin ba, zai bi na baya ne ya yi shiru. Haka ne ko? To da aka yanka, wa ya gaya masa? Ba shi da ido, ba shi da kunne, ko kai bai yi ba tukuna. Ta yaya ya san ɗan'uwansa ba ya nan, har ya ce bari in yi da kaina? Na tambayi direba ya ce in tambayi malamai. Na ce ai ita nake tambaya.

In kun sani, ki rubuto min a takarda ta gaba. In ba ku sani ba, to aikinki ke nan. Ke an ba ki shekara uku. Ni ba wanda ya sa min hannu a kan uku, saboda haka ki yi sauri.

Ni ce,
Iya